Yadda Ake Jin Ƙan Tsohon Alhajin da Ya Ɓata a Makka

Bahaushe yana bambanta tausayi da jin ƙai, ko da yake baki kan haɗa su wuri guda. Tausayi shi ne abin da ke sosa zuciya idan an ga wani cikin wahala, jin ƙai kuwa ba ya cika sai hannu ya motsa. Larabawan da muke zaune cikinsu suna cewa rahama, kalmar da tushenta ɗaya ne da sunan mahaifa a harshensu, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa masu jin ƙai Mai Rahama zai ji ƙansu. Mu Hausawan Makka, daga Shara Mansur har Misfala, kowace shekara Allah yana kawo mana wannan jarrabawa bakin ƙofa: tsoho ya rabu da ayarinsa, ba ya jin Larabci, kunya kuma ta hana shi tambaya.

Fara da gaisuwa cikin Hausa. Ka yi sallama, ka ce, "Baba Alhaji, sannunku da ibada," ka ɗan rusuna kamar yadda za ka yi wa mahaifinka, domin jin harshen gida kaɗai yana kwantar da rabin firgicinsa. Kada ka tambaye shi ko ya ɓata. Dattijo zai ce lafiya lau ko da ya kwana a titi. Ka tambayi wane masauki ya nufa, ka ce kai ma can wajen za ka bi.

Sannan ka zaunar da shi a inuwa, ka dubi jikinsa kafin ka dubi takardunsa. A aikin Hajjin Yunin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma sun sanar da rasuwar mutum 1,301. Wanda ya yi ɗawafi ya ƙara da sa'ayin kusan kilomita 3 tsakanin Safa da Marwa yana iya galabaita bai sani ba. Idan yana cikin hayyacinsa, ba shi ruwa ya sha kaɗan-kaɗan, ka tambayi ko yana da ciwon suga, da lokacin da ya ci abinci. Idan jikinsa ya yi zafi sosai, maganarsa ta rikice ko ya fara layi, ka jiƙa masa kai da wuya, ka yi masa fifita, ka kira motar asibiti a lamba 997. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa.

Bayan ya huta, nemi izininsa ka duba katin Nusuk da ke wuyansa, wato katin shaidar alhaji da hukumomin Saudiyya ke bayarwa, ko shaidar hukumar alhazan ƙasarsa, ka kira jagoran ayarinsa. Jakar kuɗinsa kada ka taɓa ta. Idan Hajiya ce, ka samo mace ta riƙe hannunta.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato ɗaukar hoton tsoho yana kuka a watsa a WhatsApp da sunan cigiya. Mutumin da ya sayar da gona ko shanu ya zo ɗakin Allah yana da 'ya'ya da surukai a gida, kuma wannan hoton zai riga shi isa gari. In dole sai an yi cigiya, sunansa da jiharsa sun isa, su ma da yardarsa.

Kwatance ba ya wadatar da baƙo, domin benayen Makka duk kama ɗaya suke a idonsa. Ka raka shi da ƙafarka, ka daidaita tafiyarka da tasa, kada ka juya sai ka ga wani daga ayarinsa ya kira shi da sunansa. Idan ya ciro riyal zai ba ka, ka rufe hannunsa da naka, ka ce, "Baba, a sa mu a addu'a a Arfa."