Sauya aiki a Saudiyya kana neman ikamar masu jari

Jiya bayan la'asar ina zaune bakin shago nan Tsohuwar Kasuwa sai ƙanena da ke aikin injiniya Jidda ya bugo, wai Yaya na samu aiki wani kamfani albashi ya fi, kuma ina son in nemi ikamar nan ta musamman wadda ba ruwanka da kafili, da wanne zan fara? Na ce mai kai dai natsu, kar ka saki reshe ka kama ganye. Abin da na hwaɗa mai shi zan rubuta nan don akwai 'yan Sakkwato da yawa can.

Fara da aikin. Ikamarka ta yanzu, wato takardar izinin zama ƙasar, ɗaure take da kamfanin da ya kawo ka, in ta mutu kana cikin ƙasa komi naka ya tsaya har asusun banki. Tun 2021 in ka cika shekara guda wurinsu kana iya komawa wani kamfani ko kafili bai so ba, amma ta Qiwa ake yi, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadagonsu, sabon kamfani shi zai turo ma tayi can ka amsa, ka ba tsohon notis yadda kwantaraginku ya ce, kuma ka ci gaba da zuwa aiki har ranar ƙarshe, don in ka ɗauke ƙafa suka rubuta ma hurub, wato ka gudu daga aiki, to ka shiga uku, wace ikamar musamman kuma. Kar ka yarda a buga ma fita ta ƙarshe wai ka dawo da sabuwar biza.

Ka lissafa kuɗin sallama kuma kafin ka aje aiki. Wanda bai kai shekara 2 ba bai da ko sisi, 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, sai ka kai 10 zaka kwashe duka. Shi saura wata huɗu ya cika 5, na ce wallahi ka daure.

Ita ikamar musamman ba wasan yara ba ce. Ta dindindin riyal 800,000 biya guda, ta shekara-shekara 100,000. A 2024 aka ƙaro wasu hanyoyi, mai zuba jari sai ya sa riyal miliyan 7 ya ɗauki ma'aikata 10 cikin shekara biyu, mai gida kuma gidan zama na miliyan 4 wanda ba jingina bisanshi. Za su nemi fasfo mai rai, takardar likita, shaidar ba ka da laifi da bayanan banki, to ka tara su tun yanzu.

Sai canjin Qiwa ya kammala, ka buɗe Absher, manhajar gwamnati da ke nuna bayanan ikamarka, ka gani da idonka sunan sabon kamfani ya hau, sannan ka tura takardun neman waccan, kar suna dubawa su iske ka tsakanin kamfani biyu. Ya ce to Yaya in ta fito fa? Na ce ranar nan ko kamfani goma kake so ka sauya, ba mai riƙe ma takarda.