Kurakuran da masu sabon kwikwiyo ke ta maimaitawa a Bauchi

Na gaji da kiran da ake min da daddare ana cewa, "Malam, kwikwiyon nan ya daina cin abinci, sai amai." Da zarar na bi ba'asi, sai in tarar irin ɓarnar jiya ce aka sake yi.

Tun wurin zaɓe ake fara kuskure. Mutum yana da gonar kaji a hanyar Dass ko ta Ningi, yana neman mai gadi, sai ya ga hoton kare irin Kokeshiyan a Facebook, ƙato mai gashi buzu-buzu, ya tura kuɗi Jos a sako masa a mota. Asalin karen nan duwatsun Kokesas ne masu dusar ƙanƙara. A Jos yana lallaɓawa saboda sanyin garin, amma nan cikin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma kare da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ka kulle shi a kejin kwano da rana tsaka, wallahi ka cuce shi. In gadi ne, ni Bobul nake zaɓa, ɗan Afirka ta Kudu mai gajeren gashi, ko Alsashiyan in kana da inuwa da lokacin horar da shi. Farauta da bin shanu kuwa, ban ga kamar karenmu na gida da ake rainawa ba: ya saba da rana, ya fi jure cuta, ba ya cin kuɗi.

Sai babbar masifar, fabo, cuta mai yaɗuwa da ke kashe kwikwiyo. Ita ta taɓa share min gida. Wani mai kiwo ya sayar min da kwikwiyo, ya rantse an yi masa allurar riga-kafi, har da kati da rubutun biro. Ba a yi mako ba sai amai, sai zawon jini mai wani irin ƙarni da hanci ba ya mantawa. Ido ya faɗa, in ka ja fatar wuyansa sai ta tsaya cak ba ta komawa. Ya shafa wa 'ya'yan karyata, na riƙa kwasarsu ɗaya bayan ɗaya duk da ƙarin ruwan da likita ya yi ta yi musu.

To ku saurara! Katin gaskiya yana ɗauke da 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar allura, da kwanan wata, da sa hannun likitan dabbobi. Karɓi lambarsa ka kira ka tambaya. Allurar farko a mako 6 zuwa 8 ake yi, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Guda ɗaya ba ta wadatarwa, wadda kuma ta wuni a jaka a kan babur babu ƙanƙara ta riga ta mutu. Ƙwayar fabo tana watanni a cikin ƙasa, ko a takalminka kana iya kwaso ta. Ni sabon kwikwiyo mako 2 yake yi shi kaɗai a ɗakin siminti, ina wanke ɗakin da ruwan bilic na Hypo, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, kuma ba ya leƙa ƙofar gida sai allurarsa ta cika. Amma ku, ranar da aka kawo shi ranar yara za su ɗaura masa igiya su zaga unguwa, yana shinshinar kowace bola. Haba jama'a!

Kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8. Madarar shanu zawo take sa shi. Ragowar miya mai albasa tana ɓata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. Maganin ciwon jiki na mutane, a bar shi a ma'ajiyarsa. Maganin tsutsa tun yana mako 2 ake farawa. Allurar ciwon haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana haɗa ta, ba abin nema daga waje ba ne.

Kaska ma tana kashe su, musamman da damina, amma masu zuba wa kwikwiyo maganin feshin gona sun fi kaskar saurin kisa. Ni kowace yamma nake duba cikin kunne da tsakanin yatsu in cire, maganin kuma likita ke aunawa da nauyinsa.

Wanda ke ƙona min rai shi ne kulle kare a duhu da gajeriyar sarƙa ana dukansa, wai don ya yi zafi. Tsoro kawai kake cusa masa, kuma kare matsoraci ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo bara. Tun yana ƙarami ka bar shi ya san mutanen gida, da kaji, da ƙarar babur. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, sau 3 ko 4 a rana, da kalmomin umarni iri ɗaya. In kuwa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.