Yadda Ango da Amarya Za Su Shirya Tafiyarsu ta Farko a Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Jirgin ruwan shaƙatawa otal ne da ke yawo a kan teku. Ku kwana a Basalona ta ƙasar Sifaniya, gari ya waye kuna gaɓar Faransa, jibi kuna Italiya, kuma tun ranar da kuka shiga ba ku sake ɗaure akwati ba. Ga waɗanda suka fito daga hidimar biki a gajiye, wannan hutu ne na gaske. Sai dai daɗin tafiyar ya dogara ne da abin da kuka gyara tun kafin ku taka jirgin.

Na farko: ku zaɓi hanya da jirgi

Tafiyar farko kada ta wuce kwana bakwai, domin ba ku san yadda jikinku zai karɓi teku ba. Masu son tsofaffin birane su nemi Bahar Rum, inda jirage ke tashi daga Basalona ko tashar da ke kusa da birnin Rum na Italiya. Masu son rairayin bakin teku su nemi tsibiran Karibiyan daga Mayami ta Amurka, amma su sani lokacin guguwa a can yana farawa 1 ga Yuni, ya ƙare 30 ga Nuwamba.

Girman jirgi ma abin dubawa ne. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, yana ɗaukar fasinja sama da 5,000, kuma lokacin hutun makarantu irinsa cike yake da yara. In natsuwa kuke nema, kamfanonin Viking da Virgin Voyages ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba.

Na biyu: takardu

A nan ne sababbin ma'aurata suka fi tuntuɓe. Sunan da ke kan tikiti dole ya zama shi ne a fasfo, harafi da harafi. In amarya tana da niyyar ɗaukar sunan ango, ta dakata tukuna, a sayi tikiti da sunan da ke fasfonta na yanzu. Zumuɗin ganin suna ɗaya a takarda bai kai baƙin cikin a mayar da ku daga bakin tasha ba.

Yawancin kamfanoni suna son fasfo ya rage masa aƙalla wata 6 bayan ƙarshen tafiya. Ku bi jerin ƙasashen da jirgin zai tsaya ɗaya bayan ɗaya, ku tabbatar da bizar kowace, domin wasu suna buƙatarta ko da ba za ku sauka ba, kuma nemanta aikinku ne, ba na kamfani ba. In amarya tana da juna biyu, yawancin jirage ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiya. Ku sayi inshorar da ta haɗa da jinya a teku, saboda asibitin cikin jirgi kuɗi yake karɓa.

Na uku: ɗaki

Ɗakin da ba taga ya fi araha, sai mai taga, sai mai baranda. Ni dai a ganina, in akwai wurin da ya cancanci ƙarin kuɗi a tafiyar amarci, baranda ce. Jirgi cike yake da dubban mutane, ita ce kaɗai wurin da za ku sha iska ku biyu, ba idon kowa.

Wanda ke saurin jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa, domin goshi da baya sun fi tangaɗi. Ku duba taswirar jirgin kada ɗakinku ya zama ƙarƙashin wurin iyo ko kusa da zauren kiɗa. Sannan ku faɗa wa kamfanin jirgin cin amarci kuke yi, ku nemi a haɗe gadaje biyun su zama ɗaya, a kuma ba ku teburin mutum biyu, in ba haka ba ana iya zaunar da ku da baƙi kowane dare.

Na huɗu: abin da tikiti bai biya ba

Tikiti ya ƙunshi ɗaki da babban ɗakin cin abinci da wasannin dare. Intanet, hotuna, yawo a garuruwa da tukwicin ma'aikata da ake rubutawa kullum, duk daban ne a yawancin jirage. Katin buɗe ɗaki shi ne kuma katin sayayya, shi ya sa kuɗi ke zurarewa ba a ji ba. Ku zauna tun a gida ku yanke abin da za ku kashe. Wayoyinku kuwa ku sa su a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, kira a tsakiyar teku tsada gare shi ƙwarai.

Na biyar: ranar shiga

Ku isa garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar. Jirgin sama yana iya makara, jirgin ruwa ba zai jira ba. Manyan akwatuna sai yamma suke isowa ɗaki, don haka fasfo, magunguna da kayan canji su kasance a ƙaramar jaka a hannunku. Dutsen guga da kyandir an hana shiga da su saboda gobara.

Atisayen ceto dole ne a kan kowa. An tsaurara ƙa'idarsa bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Ku je tare, ku ga wurin taruwarku da idonku, ku koyi ɗaura rigar ceto.

Na shida: sauka a garuruwa

Ku yi aiki da agogon jirgi, ba na gari ba, don wani lokaci suna bambanta. In kamfanin jirgi ne ya shirya yawon, zai jira motarsa ko ta makara. In kun fita da kanku kuka wuce lokaci, sai dai ku bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗinku. Ku riƙa dawowa awa ɗaya kafin lokacin da aka sa.

Kuma ba kowace tasha ce sai kun sauka ba. Ku zaɓi rana ɗaya ku zauna a jirgi lokacin da jama'a suka watse cikin gari, ku sa a kawo muku karin kumallo ɗaki, ku yi hirar da hayaniyar biki ta hana ku.

Na bakwai: daren ƙarshe

Ku duba lissafin katinku kafin safiya, don layin gyara kuskure yakan yi tsawo. Akwatuna ana ajiye su a bakin ƙofa da dare, ma'aikata su kwashe, sai a tasha za ku sake ganinsu. Kafin ku rufe su, ku ware fasfo da tufafin da za ku sa gobe.