Yadda magidanci zai tsare iyalinsa idan an rufe masana'antar da yake aiki

Mazauna Kumasi, a ƙasar Ghana, ba su manta da abin da ya biyo bayan gyaran tattalin arzikin da gwamnatin Rawlings ta fara a 1983 ba, lokacin da aka yi ta sayar da kamfanonin gwamnati, masana'antar buhunan algarara da ta takalma suka durƙushe, gidaje da yawa kuma suka wayi gari babu albashi. Duk wanda irin wannan jarabawa ta same shi a yau, ya fara da takardu kafin komai.

Ka tattara takardar ɗaukar aiki da takardun albashinka, kada kuma ka sa hannu a kan abin da ba ka fahimta ba. Sashe na 65 na Dokar Ƙwadago ta 2003 ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata wata 3 kafin rage ma'aikata, kuma kuɗin sallama abu ne da ake daidaitawa tsakanin ɓangarorin biyu. Idan an kasa daidaitawa, sai a kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Bayan haka ka je ofishin SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata, ka duba ko an zuba maka kuɗin kowane wata, domin fansho yana buƙatar gudummawar wata 180, kuma giɓin da ba a gano da wuri ba yana wahalar cikewa.

Inda na fi jin tsoro shi ne ranar da kuɗin sallama ya shigo hannu. Na ga wani maƙwabcinmu a Aboabo ya raba nasa tsakanin 'yan'uwa da biki cikin wata biyu, daga baya matarsa ce ta riƙe gidan da koko da ƙosai da take sayarwa a bakin ƙofa. Kafin kowa ya ji labari, ku zauna da uwargida ku ware kuɗin haya da na makarantar yara, ku sabunta katin NHIS na inshorar lafiya, sannan a yi maganar jari. Yara kuwa, kada a cire su daga makaranta a ɗora musu talla.

Mai sana'ar hannu, irin su walda da gyaran inji, ya nufi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe a Kumasi, ya nemi wani maigida ya ba shi wuri a gefen shagonsa ko da aikin yini ne, kuma ya shiga adashi mai ƙaramin zubi daga makon farko.