Kurakuran da masu sayen sanwici da kayan fulawa ke maimaitawa a ƙananan shagunan Bauchi

A 'yan shekarun nan ƙananan shagunan kayan fulawa sun yawaita a garin Bauchi, daga Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka fi yawa har zuwa Fadaman Mada da Wunti. Yawancinsu ɗaki ɗaya ne mai tebura biyu ko uku, da akwatin gilashi cike da mitfai da donat da kek, da firji a kusurwa mai zoɓo da kunun aya da yogot, kuma sau da yawa mai shagon mace ce da ta faro sana'ar daga kicin ɗin gidanta. Ina son waɗannan wurare, ina kuma son su ɗore, domin iyalai da dama da su suke ci. Abin da ya gajiyar da ni shi ne ganin masu zuwa ɗanɗanawa suna maimaita kurakurai iri ɗaya, su cutu ko su yi asarar kuɗi, sannan su hau Facebook su ɗora wa mai shago laifin baki ɗaya.

Babban kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne sayen sanwici ba tare da tambayar lokacin da aka haɗa shi ba. Mutum zai shiga shago bayan la'asar, ya nuna wanda ya fi kyan gani a cikin gilashi, ya biya, ya fita, kuma kunya ce kawai ta hana shi buɗe baki, wai kada a ce ya raina tsaftar mutane. To amma cikin sanwici akwai dafaffen ƙwai ko kaza ko kifin gwangwani, an cakuɗa su da hannu, an haɗa da latas da kabeji da tumatir waɗanda ba su ga wuta ba. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi, wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20 kacal, shi ya sa masana tsaftar abinci ba sa yarda irin wannan haɗi ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 sai wa'adin ya koma awa 1. Duk wanda ya san Bauchi a watan Maris da Afrilu ya san zafin rana kan kusanci digiri 40. Ke nan sanwicin da aka jera da hantsi ya daɗe da wuce wa'adinsa kafin a kira azahar.

Mutane kan ɗora wa mayonis laifi, alhali na kwalba yana da tsamin da ke rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, ƙwan da naman da aka zuba a cikinsa su ne matsalar. Wasu kuma sukan shinshina, in ba su ji wari ba sai su ci, kuma wannan ma ruɗi ne, domin abincin da ke kwantar da mutum yawanci ba ya sauya ƙamshi ko kama. Har ɗumamawa ba ta raba gardama, saboda akwai ƙwayar cutar da ke zaune a fatar hannu da hancin mutane, wadda idan ta samu sa'o'i a cikin abinci takan bar dafin da wuta ba ta kashewa.

Kuskuren barin sanwici cikin zafi ya taɓa kwantar mini da yara biyu. A wani watan Afrilu mun shirya zuwa Yankari da iyali, na tsaya a wani shago da sassafe aka haɗa mana sanwicin ƙwai da kifi a gabana, sabo fil, na sa shi a bayan mota tare da jakunkuna. Ba mu ci ba sai da yara suka fito daga ruwan Wikki wajen la'asar. Kafin mu iso gida amai ya fara, kuma a daren nan sai da aka yi wa ƙaramar ƙarin ruwa, na zauna a bakin gadonta har asuba ina kallon yadda idanunta suka faɗa. Mai shagon ba ta da laifin komai, ta ba ni abinci mai kyau, bayan motar da ya wuni cikin rana shi ya mayar da shi guba. Saboda haka raina ke ɓaci ƙwarai idan na ga magidanci ya sayi sanwici da tsakar rana ya jefa a aljihun babur ko kan kujerar mota, ya tafi kasuwar Muda Lawal ya yi sa'o'i yana cefane, sannan ya kai wa 'ya'yansa a matsayin tsaraba. Wace irin tsaraba ce wannan? Wanda ya san ba zai isa gida cikin awa ɗaya ba, ya sayi cincin ko biskit ko busasshen kek, ya bar mai ƙwai da nama sai ranar da zai zauna ya ci a wurin.

Al'adata a yanzu ita ce in yi sallama, mu gaisa, in ce, «Hajiya, don Allah ƙarfe nawa aka haɗa wannan?» Idan yaron shago ne kuma ya fara kame-kame, sai in roƙa a haɗa mini sabo, in zauna in jira. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma ban taɓa ganin mai sana'ar kirki da ta ji haushin wannan tambaya ba. Haka nake yi da mitfai da samosa, musamman a watan azumi da ake soya su tun da safe domin buɗa-baki. Ƙwan fitilar da ake kunnawa a cikin akwatin gilashi yakan ɗumama su ne kawai ba tare da ya kai su digiri 60 ba, wato yana riƙe su daidai inda ƙwayoyin cuta suka fi so. Wasu za su ce na cika tsanani, ni dai ba na cin mitfai mai ɗumi-ɗumi, ko dai mai zafin da ya fito daga tanda, ko in haƙura.

A ɓangaren abin sha, sanyin gora shi ke yaudarar mutane. Kunun aya ba ya jure zafi ko kaɗan, cikin 'yan sa'o'i yake fara tsami, kuma a garin da ake yawan ɗauke wuta gorar da ta yi sanyi da safe, ta huce da rana, ta sake sanyi da yamma bayan an tayar da janareta, a hannu ba ta da bambanci da sabuwa. Ni nakan duba ko gorar ta kumbura, in saurara ko za ta yi huci lokacin buɗewa, kuma ba na sayensa bayan azahar sai a shagon da na tabbatar firjinsa na kan sola. Zoɓo ya fi shi juriya saboda tsaminsa da kuma tafasa shi da ake yi, sai dai ƙanƙarar da ake jefawa a ciki ba tafasa ta ake yi ba. Jihar Bauchi na cikin waɗanda annobar amai da gudawa ta 2021 ta fi yi wa ɓarna, kuma daskarewa ba ta tsarkake gurɓataccen ruwa. Idan ban san daga inda ƙanƙara ta fito ba, nakan ce a ba ni wanda aka sanyaya a rufe.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne ba da oda mai yawa bayan ɗanɗana guda ɗaya. Lokacin walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan yayana na ci wani mitfai mai daɗi a wani shago, nan take na biya kuɗin na baƙi gaba ɗaya, ban faɗi girma ba, ban faɗi abin da za a zuba a ciki ba, ban kuma tsayar da lokacin karɓa ba. Abin da aka kawo ya yi rabin wanda na ci, cikinsa dankali ne zalla da ɗan ƙamshin nama, an kuma ƙulle shi da zafinsa a leda har gumi ya jiƙa ɓawon ya yi laushi, sai da muka aika aka sayo masa da miya aka fitar da mu kunya. Shagon da ke gasa 'yan dozin a rana da tanda ɗaya ba lallai ne ya iya ɗaruruwa cikin dare guda ba, kuma mai shagon ba za ta so ta ce ba za ta iya ba alhali ga kuɗi a gabanta. Aikin mai saye ne ya tambaya. Yanzu nakan rubuta komai a WhatsApp, da girma da yawan nama da lokaci, in biya rabi, in ce a bari ya huce a jera shi a kwali, ranar karɓa kuma in ɓare guda ɗaya a gabanta kafin in cika kuɗin. Duk wanda ya tsananta wajen neman ragi kuma ya sani cewa daga cikin naman za a cire ragin, domin farashin fulawa da bota da ƙwai ba ya sauka saboda shi.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma kullum ana yin su. Ana zaɓen burodi saboda girmansa, alhali ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Burodin da ya kumbura fiye da kima kuma ba shi da nauyi a hannu dalili ne na yin tambaya, tunda hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta sinadarin bromet da wasu ke zubawa don ya tashi, ta kuma hana sa sakarin a madadin sukari. Ana sa burodi a firji don kada ya lalace, sai ya bushe da wuri fiye da wanda aka bari a waje. In za a ajiye shi, a yanka shi a sa a firiza. A lokacin hunturu ana barin kek da donat a buɗe minti kaɗan su ƙanƙame, sannan a ce na jiya aka sayar. Ana kuma haɗa donat da kek da lemon kwalba a zama ɗaya, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke ƙarawa a rana ya wuce kimanin gram 50, adadin da gorar lemo ɗaya ta rabin lita kan kusan cikawa ita kaɗai.

Akwai kuma masu zuwa da yunwa su sayi komai a lokaci guda, su fara da mafi zaƙi, har bakinsu ya kasa bambance komai, sannan su yanke wa shago hukunci. Ni idan zan gwada sabon wuri da safe nake zuwa, lokacin da kaya ke fitowa daga tanda, in fara da burodi tsura da shayi marar sukari sosai, domin a burodi ake gane hannun mai gashi. Idan ya gamsar da ni sai in dawo wata ranar in ci mitfai, sanwici kuwa shi nake bari ƙarshe, bayan na ga da idona inda ake wanke ganye da kuma ko mai karɓar kuɗi shi ne ke taɓa abincin.