Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran casis ɗin tsofaffin motocin gudu

Tsohuwar mota mai kujera biyu, irin MGB ko Triumph Spitfire na Ingila, da ta hau gargada sai gilashin gaba ya kama karkarwa, sitiyari yana rawa a hannu, ƙofa tana ƙara. Casis, wato ƙashin motar da ke ɗauke da nauyinta, shi ne ke murɗewa. Motar da ba ta da rufin ƙarfe dama haka take: yanke wa kwali murfi ka ga yadda zai murɗe a hannunka. Da ɗan wannan motsi aka ƙera su. Idan ya wuce ƙima ya zama ciwo, kuma wajen maganinsa ake yin ɓarna.

Abin da mai mota ya fi saurin yi shi ne sayen sifirin masu tauri da sababbin shokazoba, wani ma ya ƙara da faffaɗan tayoyin zamani. Motar sai ta ƙara lalacewa. Bugun da sifirin ya kamata ya shanye yanzu casis yake samu, shi kuma casis ba shi da shokazoba da zai kwantar da rawarsa. Kafin ka sayi komai, duba robobin ƙafa, don idan sun ci suna kawo irin wannan alamar. Daga nan ka ajiye motar a daɓe mai daidai, ka lura da tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ka ɗaga kusurwa ɗaya da jek, ka sake dubawa. Idan tazarar ta canza sosai ko ƙofar ta ƙi buɗuwa, matsalar a ƙarfe take.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne rashin sanin abin da ke ɗauke da nauyin motar. MGB, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, ba ta da casis daban. Bodin ne casis ɗinta, kuma ƙarfinta yana cikin dogon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin dokin ƙofa. Akwatin nan yana da wani faranti a tsakiya wanda ido ba ya gani, kuma daga ciki tsatsa ke faro cinsa, musamman a motocin da suka sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi. Sai mai gyaran bodi ya lafta sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓen, ya shafe da fila, ya fesa fenti. Daga waje gwanin kyau, ciki kuwa gari. Gyaran gaskiya shi ne a yanke duk inda ya ruɓe a mayar da faranti bayan faranti. Spitfire ma tana yaudara: tana da casis a tsakiya, amma dokin ƙofarta shi ma yana riƙe bodin.

Kuma kada a yanke dokin ƙofa sai an tokare. A yi waldar sandar ƙarfe a bakin ƙofar daga ginshiƙin gaba zuwa na baya, a bar ƙofar a rataye don a riƙa gwada ta, a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan. Wanda ya cire duka biyun lokaci guda, motar za ta lotsa a tsakiya, kuma a lotsen zai yi mata walda. A auna kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama, kafin aiki da bayansa.

Wasu kuma gani suke kauri shi ne ƙarfi, sai su yi ta jibga ƙarfe. Siffa ce ke hana murɗewa: rufaffen akwati da tokara mai siffar alwatika. Lotus Elan ta 1962 siririn ƙarfe aka naɗe ya zama ƙashin bayanta, ga shi mara nauyi, ga ƙwari. Faci mai kauri a kan siririn ƙarfe yakan tura tsagewar zuwa bakin facin ne kawai. Bututun da ke riƙe injin Jaguar E-Type kuwa da tagulla aka liƙa su, zafin walda yana raunana su, don haka idan sun ruɓe sauyawa ake yi.

Morgan, wata motar Ingila, ta daban ce. Har zuwa 2020 ana yin tsohon samfurinta da casis na ƙarfe mai siffar tsani, da firam ɗin bodi na katako, kuma ɗan lanƙwasawar casis ɗin yana taimaka wa ƙafafunta masu tauri. Mai Morgan da ya ga ƙofa ta sauka, ya fara duba katakon da ke bayan ƙarfen bodin ko ya ruɓe kafin ya kira mai walda.