Yadda Ake Zaɓar Hitar Gas Marar Bututun Hayaƙi da Amfani da Ita a Gareji

Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a Ohio ko Illinois ko Michigan ya san cewa daga watan Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu babu wurin da ya kai gareji sanyi a gida, har mutum ba ya iya riƙe sufana na minti goma yatsunsa ba su sandare ba. 'Yan'uwanmu mazauna waɗannan jihohi na Amurka, musamman masu gyara motarsu da kansu da masu aikin katako da masu ɗaure kaya don aikawa gida, sukan shiga manyan kantuna irin su Home Depot ko Lowe's su tarar da wata hitar gas da ake kafawa a bango, wadda ba ta bukatar a huda rufi, yawancinta ba ta bukatar lantarki, kuma kuɗinta bai kai na sauran ba. A jikin kwalinta an rubuta cewa kashi 99.9 cikin ɗari na gas ɗin da ta ƙona yana zama zafi a ɗaki. Wannan magana gaskiya ce, amma dalilin da ya sa ta zama gaskiya shi ne abin da ya kamata mai saye ya tsaya a kai. Tunda ba ta da bututu, babu abin da ke fita waje. Zafin yana nan a ciki, haka ma tururin ruwa da sauran iskar da ƙonewa ke haifarwa, kuma wanda ke tsaye a wurin shi ne zai shaƙe su. Wanda ya tashi a inda ake shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa lokacin sanyi, ko ya taɓa jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya hallaka suna barci, ba sai an yi masa dogon bayani a kan hatsarin ba.

Kafin a duba farashi, a fara duba doka, domin ba ko'ina aka halatta irin wannan hita ba. Jihar Kalifoniya ta hana sayar da ita don amfanin cikin gida, dokar Minnesota ta hana kafa ta, haka ma birnin New York, kuma a Kanada ma ba a yarda da ita a gidajen zama ba. A inda jiha ta amince, ƙaramar hukuma na iya hanawa ko ta ce sai an nemi izini an zo an duba aikin. Saboda haka a kira ofishin kula da gine-gine na garin da ake zaune a tambaya, a kuma tambayi kamfanin inshorar gida, mai haya kuwa ya nemi yardar mai gidan a rubuce. Dokar aikin gas da jihohi da dama ke bi ta ce kada hita guda ta irin wannan ta wuce BTU 40,000 a awa (BTU shi ne ma'aunin yawan zafin da hita ke bayarwa), kuma kada ta zama ita kaɗai ce abin ɗumama gidan zama.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, kuma mutum shi zai ba kansa amsa: garejin nan na ajiye mota ne ko na aiki? Hitar nan wuta ce a buɗe, tana jan iskar ɗakin kai tsaye ta ƙona. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa ya bi daɓe kamar ruwa ba tare da ido ya gan shi ba. Wannan ne ya sa dokar ta ce duk abin da ke iya tayar da wuta a gareji sai an ɗaga shi aƙalla inci 18 daga daɓe, wato kusan santimita 45, sannan ko dai a kafa shi a tsayin ƙafa 6 ko a sa masa shingen ƙarfe don kada mota ta buge shi. Amma ɗagawar ba ta kawar da matsalar gaba ɗaya, domin littafin kowace hita yana gargaɗi tun a shafin farko cewa kada a ajiye fetur ko wani abu mai kama wuta kusa da ita. Idan garejin na ɗauke da mota, da jarkar fetur, da injin yankan ciyawa, da injin share dusar ƙanƙara, da gwangwanayen fenti da tina, shawarata ita ce a haƙura da wannan hita. Inda take da amfani shi ne garejin da aka mayar wurin aiki, aka kwashe waɗannan kaya zuwa wani ɗakin ajiya a waje, kuma mutum yana ciki duk lokacin da take ci.

Idan an wuce waɗannan matakai biyu, sai maganar girma. Mutane da yawa suna ɗauka cewa babba ta fi, alhali hitar da ta fi ƙarfin ɗaki tana cinye iskarsa da wuri tana kuma ƙara masa laima. Ƙa'idar ita ce kowane BTU 1,000 yana bukatar fili mai cin ƙafa 50 idan an ninka tsawo da faɗi da tsayi. Garejin mota ɗaya mai tsawon ƙafa 20 da faɗin 12 da tsayin 8 ya kama 1,920, don haka iyakarsa BTU 38,400 ke nan. A cikin wannan lissafi dole ne a haɗa da duk wani abu mai cin gas da ke jan iska daga wurin, irin su tukunyar dafa ruwan wanka, wadda a gidaje da yawa a gareji take kuma ita kaɗai takan kai BTU 40,000. Wannan lissafi iyaka kawai yake nunawa, ba shi ne abin da ake bukata ba. Garejin da aka sa wa bangonsa da rufinsa abin tare sanyi, aka kuma toshe ƙasan ƙofa, yakan wadatu da abin da bai kai haka ba. Wanda ba a yi masa wannan aiki ba kuwa, zafi na shiga yana fita, kuma kuɗin da za a kashe a gas gara a fara kashe shi a gyaran bango da ƙofa.

Iri biyu ne a kasuwa, daga kamfanoni irin su Mr. Heater da Dyna-Glo da ProCom. Akwai mai shuɗiyar wuta, wadda ke ɗumama iska ta tashi sama ta zagaye ɗakin a hankali, kuma ta fi dacewa da wurin da ke riƙe zafi. Akwai kuma mai faranti na tangaran da ke yin ja, wadda ke jefa zafi kai tsaye ga mutum da kayan da ke gabanta kamar yadda hantsi ke dukan jiki, kuma ita ta fi amfani ga wanda ke tsayawa a gaban teburin aiki a gareji mai shigar iska. Kowacce aka zaɓa, a tabbatar tana da shedar ƙa'idar aminci ta Amurka mai lamba ANSI Z21.11.2, kuma a fifita mai na'urar daidaita zafi wadda ke rage wuta da kanta. Mazauna wurare masu tudu irin su Denver su lura cewa littattafan kamfanoni da dama sun ce sama da ƙafa 4,500 daga doron teku hitar na iya riƙa mutuwa da kanta saboda ƙarancin iska.

Gas ɗin ma iri biyu ne, na bututun gari da na tukunya, wanda ake kira furofen, kuma ba a haɗa hitar da aka ƙera don ɗaya da ɗayan. Na tukunya ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo yakan taru a ƙasa, shi ya sa ake ajiye tukunyar a waje a jawo bututu ta bango tare da regileta. Ƙaramar tukunyar gashin nama mai fam 20, kusan kilo 9, tana ɗauke da kimanin BTU 430,000, wato kusan awa 14 kawai za ta yi a hita mai BTU 30,000 da ke ci da cikakken ƙarfi, kuma cikin tsananin sanyi ba ta iya fitar da gas yadda ya kamata, don haka kamfanoni da yawa ke cewa a yi amfani da mai fam 100 zuwa sama. Aikin jan bututu a bar wa mai lasisi. Bayan ya gama, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a gani ko zai yi kumfa, kuma kada a taɓa gwada yoyo da ashana. A bar tazarar ƙafa 3 tsakanin hitar da rufi, da kuma tsakaninta da duk abin da ke gabanta, sai dai idan littafinta ya nemi fiye da haka.

Abin da mai sayarwa bai cika faɗa ba shi ne ruwa. Kowane BTU 1,000 da aka ƙona yana sakin kusan mililita 30 na ruwa a cikin iska a awa, wanda ke nufin hita mai BTU 30,000 da ta yi awa biyar tana ci da cikakken ƙarfi ta zuba wa ɗakin sama da lita huɗu. Ni da kaina na ga wannan a hunturun farko da na kafa tawa. Na yi aikin yini guda ƙofa a rufe, na kashe hitar na shiga gida, da gari ya waye na tarar da ruwa na gangarowa a cikin ƙofar garejin ta ƙarfe, ƙasanta ya daskare ya manne da daɓe, zarto da kurfi da na bari a kan tebur sun yi jan tsatsa kamar an yayyafa musu garin barkono, kwalayen kayan da na ɗaure kuma sun yi laushi. Tun daga ranar nake buɗe taga kamar faɗin yatsu biyu duk lokacin da take ci, in shafa wa kayan ƙarfe mai in rufe su a akwati, kuma na sayi ƙaramin ma'aunin laima na rataye a bango, in ya haura kashi 60 sai in ƙara buɗe tagar.

Tun daga shekarar 1980 ake sa wa waɗannan hitoci a Amurka wata na'ura da ake kira ODS, wadda ke rufe gas idan iskar oksijin ta sauka daga kusan kashi 21, yadda take a waje, zuwa wajen kashi 18. Na'ura ce mai amfani ƙwarai, amma a fahimci iyakarta: ƙarancin oksijin take ji, ba ta jin kabon monoksaid, iskar gubar da wuta ke fitarwa idan ba ta ci da kyau ba. Hitar da ƙura ta toshe wa hanyar iska na iya fitar da wannan guba alhali oksijin bai ragu ba. Kabon monoksaid ba shi da launi ko wari, yana kama jini fiye da oksijin sama da sau 200, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce yana kashe Amurkawa fiye da 400 a shekara ba tare da gobara ba. Saboda haka ƙararrawar gano shi wajibi ce a cikin gida, kusa da ƙofar da ta haɗa gida da gareji da kuma kusa da ɗakunan kwana. Sai dai ƙararrawar gida mai bin ƙa'idar aminci ta UL 2034 an tsara ta ne ta jinkirta: idan gubar ta kai 70 cikin miliyan, tana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa huɗu kafin ta yi ƙara, kuma masu ƙera ta da yawa sun ce kada a kafa ta a cikin gareji saboda sanyi da hayaƙin mota. Don haka mai yin dogon aiki a ciki ya nemi ƙaramin ma'auni mai nuna lamba nan take, ya ajiye shi a teburin da yake aiki.

Game da amfanin yau da kullum, ba a barin ta tana ci a fita, ba a kwana da ita, ba a shanya kaya a kanta, kuma ba a tayar da mota a cikin gareji ko da ƙofa a buɗe take. Ranar da za a yi fenti ko a yi amfani da gam ko tina, a kashe ta gaba ɗaya har da 'yar ƙaramar wutar da ke ci kullum, sai warin ya fita sarai. Masu gyaran mota su kula da maganin wanke birki na feshi, domin wasu nau'o'insa na ɗauke da sinadarin kulorin, kuma idan tururinsa ya ratsa wuta yakan rikiɗe ya zama fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu aikin katako kuma su sani garin katako shi ne babban abin da ke toshe ta. Littattafan sun ce a share ta duk wata uku, a bari ta huce a rufe gas, sannan a hura wa ramukan iskarta iska marar ƙarfi da ba ta wuce PSI 30 ba a ma'aunin ƙarfin iska, kuma a kira ƙwararre ya duba ta kafin kowane hunturu. Wutar mai shuɗi idan ta fara yin rawaya a baki, ko aka ga baƙin tabo a bango sama da ita, a kashe ta kada a sake kunnawa sai an gyara. In kuwa ta riƙa mutuwa da kanta, kada a bari wani ya cire na'urar ODS ko ya lanƙwasa ta da sunan gyara.

Idan aka ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya ko kasala yayin da take ci, musamman in alamun sun lafa bayan an fita waje, a fitar da kowa zuwa iska a kira 911. Masu ciki da jarirai da tsofaffi da masu asma ko ciwon zuciya sun fi saurin kamuwa, gara kada su zauna a wurin tun farko. Idan warin gas aka ji, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, kada a taɓa makunnin fitila ko maɓallin da ke ɗaga ƙofar gareji, a fita ta ƙaramar ƙofa a yi waya daga nesa.

Wanda garejinsa bai cika waɗannan sharuɗɗa ba yana da mafita biyu. Akwai hitar gas mai rufaffen murhu, wadda ke jan iskarta daga waje ta kuma mayar da hayaƙinta waje ta bututu a bango, kuma akwai irinta da ake ratayewa a rufi, da aka ƙera musamman don gareji. Akwai kuma ta lantarki mai bolt 240, wadda mai wat 5,000 ke ba da kusan BTU 17,000 ba tare da wuta a buɗe ko laima ba, ko da yake tana bukatar mai aikin lantarki ya ja mata layinta daban daga akwatin wutar gida.